Majigin da Yaya Pokuaa Ta Aiko

Talata, 5 ga Nuwamba, bakwai na safe

Baƙi sun watse. Masu rumfa sun kwashe kujerunsu jiya, tsakar gida ta dawo tamu, sai ledojin ruwa da aka tattake. An binne Maame Ataa, mahaifiyarmu, ranar Asabar, an yi godiya a coci ranar Lahadi, kuma duk garinmu Effiduase ya yarda bana ba a yi jana'iza irin wannan ba. Wa ake yabo? Yaya Pokuaa. Ta sauka daga Hamburg saura kwana shida, ta yi kuka a gaban kyamara har sai da mata uku suka riƙe ta. Ni da na shekara tara ina juya tsohuwar a gado, ina can bayan gida ina rabon shinkafa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jiya ya kamata dangi su faɗi magajiyar Maame, wadda za ta shiga ɗakinta, ta riƙe makullin akwatin zannuwanta, ta zama uwa ga duk wanda ta bari. Kawu Bonsu, babban danginmu, ya ce kansa na ciwo, a bari sai Lahadi 24 ga wata, ranar da Oteng mai ɗaukar hoto zai gama bidiyon jana'izar. A kalla tare, sannan a yi magana. Ciwon kai! Na san irin ciwon. Yaya ce babba, kuma ita ta kawo masa agogo.

Ina son ɗakin nan. Na rubuta, ba na jin kunya. Ba don zannuwan ba, ni tela ce, zane bai dame ni ba. So nake sau ɗaya a kira sunana a gaban jama'a, a ce Dufie, ita ce.

Talata, shida na yamma

Muna cin fufu Yaya ta ce, "Ashe ma ba sai mun yi hayar talabijin ba. Dufie, ina majigin da na aiko wa Maame? A ciki za mu kalla."

Na ce mun cire shi saboda masu fenti.

"To ki mayar mana da shi kafin ranar. Ke ai kin saba da shi."

Na ce to. Sai da na kora lomar da ruwa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, da rana

Kwalin yana ƙarƙashin gadona. Yau ma ban taɓa shi ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, goma na safe

Yaya ta tafi Accra kan maganar takardunta, sai bayan kwana goma. Motar na fita na kulle ƙofa na jawo kwalin. Gam ɗin da aka liƙe shi da shi a Jamus yana nan yadda yake. Da almakashin ɗinki na yanka.

Ɗan ƙaramin abu ne, bai fi burodi girma ba, irin na masu araha. A watan Janairu ta ba wani mutumin Mampong ya kawo, saboda idon Maame ya yi rauni, ba ta ganin fuska a waya. Likita ya ce abu babba mai haske za ta iya gani. Shi ne Yaya ta ce a haska ta a bango duk Lahadi ƙarfe huɗu in ta kira.

Maame ta tambaye ni sau biyu. Na ce wutarmu za ta ƙona shi. Na ce bangon ba fari ba ne. Na ce gobe. Da Yaya ta tambaya a waya ko an haɗa, na ce e. Kalma ɗaya ce, ba ta kai ƙwayar masara ba. Maame na zaune ta ji, kuma ba ta sake tambaya ba har ta rasu a Satumba, aka ajiye gawarta a ɗakin sanyi na asibiti kafin a shirya jana'iza.

Ba zan rubuta dalili ba. Aiki ne ya yi min yawa.

Fulogin ƙafa biyu gare shi, zagayayyu, soket ɗinmu kuwa mai uku ne. Takardar da ke ciki duk Jamusanci. Ko a nan ma sai ta nuna min ta fi ni.

Asabar, 9 ga Nuwamba, biyar na yamma

Ba zan kai shi wurin mai gyara a garin nan ba. Kafin in dawo gida labari ya riga ni: majigin Maame Ataa sabo fil, ko kunna shi ba a taɓa yi ba. Na shiga motar Kumasi, na je unguwar Adum inda ba wanda ya san ni, na ce ƙawata ce ta aiko ni.

Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau a goshi. Na nuna masa hoton abin a waya.

"Anti, sabo ne ko tsoho?"

"Ina ruwanka? Aurensa za ka yi?"

"A'a, mata ɗaya ma ta ishe ni riga da wando. Ki gaya wa ƙawar taki, taku huɗu tsakaninsa da bango. Kada ta ajiye shi a ƙasa yana kallon sama, kan mutane zai fito kamar kabewa. Farin ƙyalle marar sheƙi, a miƙe shi sosai. Ɗaki kuma ya yi duhu."

"Da rana za a kalla."

"To sai ta kashe ranar." Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ba ni adafta da wayar da ake haɗa shi da wayar hannu, ya ƙara da cewa muryar irin waɗannan kamar ta sauro ce, a nemi sifika. Ina fita ya ɗaga murya, "Anti, ki gai da ƙawar taki, na ga kun yi kama!"

Ɗan banza.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, huɗu na yamma

Ƙarfe huɗu ta yi, ba wanda ya kira. Na tsinci kaina a bakin gadon Maame riƙe da waya.

Litinin, 11 ga Nuwamba, biyu na rana

Ya kama! Na kifa turmi a tsakiyar falo, na ɗora littattafan waƙoƙin coci guda uku, na ɗora shi a kai. Tagogi na rufe su da baƙaƙen zannuwan makokin da muka sa ranar jana'iza, nawa da na Yaya, na maƙale da allurai. Ashe dai suna da wani amfani. Na haska hoton Maame da ke wayata, sai ga ta a bango, fuskarta rawaya kamar mai shawara.

Laifin fentin ne. Kafin jana'iza dole a yi wa gida fenti, kowa ya san wannan, amma launin daga Hamburg aka zaɓo. Ni na ce fari. Yaya ta ce rawaya ya fi fitowa a bidiyo. Masu fenti suka dubi mai gida suka dubi mai waya, suka bi mai waya.

Hoton kuma bai fita sosai ba, kamar ana kallo ta cikin hayaƙi. Na murɗa zoben da ke gaban idon hagu da dama. Ya ɗan gyaru, bai washe ba.

Talata, 12 ga Nuwamba, takwas na safe

Yaya ta kira daga Accra. Na ce aiki na tafiya, sai dai zan ɗinka sabon farin ƙyalle.

"Ina wanda kuke haska ni a kai?"

Ban shirya ba. Bakina ne ya yi gaba ya bar ni. Na ce na ninke shi na sa a akwatin gawa, tare da zane da ɗankwali da sauran guzurin da aka haɗa mata. Na ce da shi ta tafi.

Sai na ji tana kuka, ba irin na gaban kyamara ba, wani siriri.

"Dufie, Allah ya yi miki albarka. Ko a can za ta riƙa ganinmu ke nan. Ni ban yi wannan tunanin ba."

Na ce ba komai. Na ajiye wayar na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 13 ga Nuwamba, da yamma

Yadi uku na alawayyo. Na yi kalmasa sama da ƙasa, na zura gora a kowanne, na rataye ta saman da ƙusa biyu, nauyin ta ƙasan ya miƙar da shi tas. Wannan kam aikina ne, ba Bajamushen da zai koya min. Fuskar Maame ta dawo launinta.

Da a ce a Janairu na yi, da wuni ɗaya ya isa. Na lura da wannan. Na lura.

Hayaƙin yana nan.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, goma sha ɗaya na safe

Oteng ya kawo bidiyon a filash tun da wuri, wai in gwada. Na tsayar da shi a baranda, ban bari ya shiga falo ba. Da ya tafi na kalla ni kaɗai, awa uku.

Yaya tana saukowa daga mota. Yaya tana faɗuwa a gaban gadon da aka kwantar da Maame. Yaya tana gaisa da sarakai, Yaya tana rawa, ana manna mata kuɗi a goshi. An sa waƙa mai taushi duk inda ta fito. Ni na fito sau biyu. Na farko bayana ne, ina ɗauke da kula. Na biyu hannuna ne kawai, yana miƙa wa wani cokali.

Na kira shi.

"Oteng, ni ba 'yar gidan ba ce?"

"Haba Sista Dufie! Kyamara kuka take bi, ba tukunya ba. Na neme ki, aka ce kina kicin."

"Da na zauna ina kuka, uban wa zai ba ka abincin da ka ci faranti biyu?"

"Uku ne, Sista. Kuma ya yi daɗi."

Ban yi dariya ba. Abin da dangi za su kalla ke nan kafin su yanke magana: awa uku na Pokuaa, girman ƙofa, a kan ƙyallen da na ɗinka da hannuna. Ina kishinta. Tun muna yara nake kishinta, tun ranar da aka saya mata takalmi aka ce in jira ya matse ta.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Na goge idon da ƙyalle mai laushi. Na matsar da turmin gaba, na mayar da shi baya. Na ƙara littafi, na cire littafi. Hayaƙi dai. Ta aiko da na banza, shi ke nan. Ko da na haɗa, da Maame ba ta ga komai ba. Na faɗi haka da ƙarfi a falo, na ji daɗi na kusan minti biyar.

Lahadi, 17 ga Nuwamba, huɗu da rabi

Ga yadda muke yi duk Lahadi lokacin da Maame ke raye. Ina zama a bakin gado in riƙe wayar nesa kaɗan, yadda fuskar Maame kawai za ta fito. In Yaya ta ce, "Maame, kin ga rigata?" sai in sunkuya in raɗa mata a kunne: shuɗiya ce, mai fure. Sai Maame ta ce, "Shuɗin nan ya karɓe ki." In Yaya ta ɗago ɗanta Sarpong, in raɗa: haƙorinsa na gaba ya fita. Sai ta ce, "Kai, wa ya sace maka haƙori?" Su yi ta dariya a can.

Wata takwas. Ba ranar da ta tona ni. In an gama sai ta dafa hannuna ta ce, "Idona, je ki ɗora ruwa."

Idona. Yaya tana da Hamburg, tana da miji da ɗa, tana da sunan mai aiko da kaya. Ni wannan nake da shi. Da ta gan ta da kanta a bango, ni in zama me? Mai wankin zanen gado.

To, na rubuta dalilin.

Talata, 19 ga Nuwamba, da rana

Yaya ta dawo. Ta shiga ɗakin Maame ta fito da silifas ɗinta a ƙafa, wai nata sun tsinke. Ba a faɗi magajiya ba tukuna.

Laraba, 20 ga Nuwamba, biyar na yamma

Kawu Bonsu ya zo da sabon agogonsa, yana ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ci doya da miyar ganyen gwaza da na dafa, ya ce, "Pokuaa, hannunki bai manta gida ba." Ta ce Dufie ce ta dafa. Bai ji ba, kunnensa na zaɓen abin da zai ji. Sun zauna a baranda suna magana ƙasa-ƙasa, da na fito suka koma maganar ruwan sama.

Na aro sifikar ƙungiyar mata ta coci. Sauti ya yi. Saura hayaƙi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba, uku na rana

Zan rubuta.

Yaya ta ce mu gwada kafin jibi. Na rufe tagogi, na kunna kamar wadda ta shekara tana yi. Ta yaba ƙyallen, ta yi dariyar turmin. Da hoton ya fito ta ɗan runtse ido.

"Me ya sa ya yi dishi-dishi?"

"Haka yake tun farko. Mai araha ne ai."

"Tun farko? To ta yaya Maame ta ga giɓin Sarpong?"

Na ce wani lokacin yana washewa. Ta tashi ta durƙusa a gaban turmin, ta murɗa zoben, ta tsaya. Ta kashe shi, ta haska fitilar wayarta a idon. Sai ta sa farce a gefe ta ɓanɓaro wata siririyar leda, zagayayya, wadda ake liƙa wa sabon abu a kamfani. Kwana goma sha ɗaya ina goge ta da ƙyalle.

Ta kunna. Fuskar Maame ta fito tas, har furfurar girarta, har tabon da ke haɓarta. Mu biyu muka tsaya muna kallonta.

Ledar na kan yatsan Yaya. Ta daɗe tana dubanta.

"Ko sau ɗaya?"

Na sunkuyar da kai.

"Shuɗiyar rigar fa? Haƙorin yaron fa?"

"Ni nake gaya mata. A kunne."

"Ita kuma ta yarda."

"Ta yarda."

"Ƙyallen da ke cikin akwatin gawar?"

Na girgiza kai. Na so ta mare ni. Na so ta yi ihu irin na ranar jana'iza, unguwa ta taru. Na ce, "Ke kin san yadda ake ɗaga mace mai nauyi daga gado zuwa bayi? Kin san warin—"

"Na sani," in ji ta. "Aikina ke nan a can. Shekara goma sha huɗu ina wanke iyayen wasu. Duk wadda na ɗaga sai in ce, tawa tana hannun Dufie."

Ban san wannan ba. A asibiti ta ce tana aiki. Ban taɓa tambayar wane irin aiki ba.

Ta cire silifas ɗin ta jera su a ƙofar ɗakin Maame, ta shiga nata ɗakin ba takalmi.

Asabar, 23 ga Nuwamba, da yamma

Ta gaishe ni da safe. Ta ci abin da na dafa, ta ce an gode. Ta je gidan Kawu ta yi awa biyu. Shi ke nan, na rasa ɗakin. Gobe za a faɗa a gaban kowa, a falon da na gyara.

Lahadi, 24 ga Nuwamba, shida na yamma

Falo ya cika, wasu a ƙasa, wasu suna ɗaga zannuwan taga daga waje ana korarsu. Hoto tas, sauti tas. Tsofaffi suna nuna kansu suna shewa. Wata ta ce, "Dufie, ashe haka Maame Ataa ta riƙa shan kallo! Ta more 'ya'ya." Na dubi Yaya. Tana kallon ƙyalle.

Da aka gama aka buɗe tagogi. Kawu ya zuba abin sha a ƙasa ya kira sunayen magabata, ya gyara zanensa a kafaɗa. Ya ce dangi sun so su ba babba, amma babba ta zo jiya da magana, ta faɗa da bakinta.

Yaya ta miƙe. Na riƙe gefen kujera.

Ta ce, "Ni kaya nake aikowa. Dufie ce ta yi wanka, ta yi wanki, ta yi jinya shekara tara. Ita ce idon Maame. Ba wanda ya san abin da tsohuwar ta gani da abin da ba ta gani ba sai ita. A ba ta."

Ta koma ta zauna. Aka yi guɗa. Suka kama ni suka zaunar a kujerar Maame, Kawu ya sa min makulli a hannu, ya ce daga yau duk wanda Ataa ta haifa ɗana ne. Aka kira sunana sau uku a gaban jama'a, yadda na so.

Sai Yaya, wadda ta girme ni da shekara biyar, ta zo ta durƙusa a gabana kamar yadda ake yi, ta ce, "Maame, ga 'yarki." Na kama hannunta in ɗaga ta. Ta tashi da kanta.

Laraba, 27 ga Nuwamba, tara na safe

Ta tafi. Na ce Yaya, ki tsaya mu yi magana. Ta ce, "Mota na jira, Maame."

Alhamis, 28 ga Nuwamba, da rana

Na kwana a ɗakin. Ban buɗe akwatin ba.

Lahadi, 1 ga Disamba, biyar saura

Tun ƙarfe uku na shirya. Na rufe tagogi, na miƙe ƙyallen, na haɗa wayar, na gwada sau biyu. Na sa zane mai kyau na zauna a kujerar, taku huɗu daidai. Na tanadi maganar da zan faɗa in na ga fuskarta.

Ƙarfe huɗu daidai ta kira. Na amsa. Muryarta ta cika falon, ƙyallen kuwa toka-toka, ba komai a kai sai sunanta a tsakiya.

Ta gaishe ni da ladabi. Ta tambayi lafiyata, ta tambayi Kawu, ta sa Sarpong ya ce ina wuni Nana, wato kaka. Na ji yana dariya kusa da ita. Na tashi na taɓa wayar, na cire na mayar, na murɗa zoben.

Na ce, "Yaya, hoton bai fito ba."

Ta ce, "Na sani, Maame."